Yadda Ake Kamun Turawut da Jan Kifi a Fadamun Gishiri na Luwiziyana

A kudancin jihar Luwiziyana ta Amurka, inda kogin Misisifi yake juye ruwansa cikin Tekun Meksiko, da wuya mutum ya nuna inda ƙasa ta ƙare da inda teku ya fara. Ciyawa ce shimfiɗe iyakar ganin ido, tafkuna da ƙoramu da kududdufai sun ratsa ta ta ko'ina, ruwan kuwa gauraye yake, bai kai na teku gishiri ba, bai kuma yi daɗin na kogi ba. Daga garuruwan masunta irin su Delacroix da Hopedale da Lafitte da Cocodrie da Venice, har zuwa tafkin Calcasieu da tafkin Sabine da ke kan iyakar Tekzas, kifaye biyu ne suke fitar da masu fatsa daga gida tun kafin alfijir. Wanda yake son kama su zai taras cewa tsadar sanda da girman jirgi ba su ne kan gaba ba. Abin da ya raba mai dawowa da kifi da mai dawowa hannu rabbana shi ne iya karanta ruwa, kuma a kan wannan ne bayanin zai fi tsayawa.

Kifi na farko shi ne turawut mai ɗige-ɗige, wanda mutanen wurin suke taƙaita sunansa su ce sifek. Siriri ne, launin azurfa gare shi, bayansa da wutsiyarsa cike da baƙaƙen ɗigo, cikin bakinsa rawaya, yana kuma da fiƙoƙi biyu masu tsini a muƙamuƙin sama. Sunan ne kawai ya haɗa shi da turawut na kogunan ƙasashen sanyi, domin a gaskiya ɗan'uwan kifi na biyu ne, wato radfish, wanda za mu riƙa kira jan kifi. Shi wannan kakkaura ne, launinsa na jan ƙarfe, ɓawonsa manya, kuma yana da baƙin tabo ɗaya ko fiye a gindin wutsiya. Dukansu biyu daga dangin kifaye masu kiɗa suke, waɗanda mazansu suke kaɗa jakar iskar da ke cikinsu ta ba da amo kamar ganga a lokacin barbara. Bambancin da ya shafi mai fatsa yana ga baki. Bakin turawut yana fuskantar gaba, yana farautar jatan lande da ƙananan kifaye a tsakiyar ruwa ko kusa da samansa, kuma garke-garke yake yawo. Bakin jan kifi ƙasa yake kallo, saboda haka aikinsa tonon laka ne yana neman ƙaguwa, har yakan shiga ruwan da bai rufe bayansa ba.

Kafin a jefa ƙugiya

Duk baligin da zai yi fatsa a wannan ruwa sai ya mallaki lasisin kamun kifi na jiha tare da ƙarin izinin ruwan gishiri, kuma ana sayen su ta intanet daga hukumar kula da namun daji da kamun kifi ta Luwiziyana. Baƙon da ya ɗauki hayar jirgi da jagora yana da lasisi na musamman na kwana uku, wanda ya fi sauƙin kuɗi. Tun daga watan Nuwamba na 2023, mutum ɗaya ba zai riƙe turawut fiye da 15 a rana ba, tsawon kowanne daga inci 13 zuwa 20, wato kimanin santimita 33 zuwa 51, sai dai an yarda biyu daga cikinsu su wuce inci 20. A watan Yuni na 2024 kuma aka rage jan kifi zuwa huɗu a rana, daga inci 18 zuwa 27, kuma duk wanda ya wuce haka dole a mayar da shi ruwa. Dokokin suna sauyawa, na Tekzas da Misisifi da Fulorida kuma daban suke, don haka a duba na ranar kafin a fita, a kuma riƙe ma'auni a cikin jirgi.

Akwai tarihi a bayan wannan tsanani. A shekarun 1980 wani mashahurin mai dafa abinci na Niyu Olins, Paul Prudhomme, ya fito da gasasshen jan kifi mai baƙin yaji, abincin ya bazu a faɗin Amurka, manyan jiragen taru kuma suka far wa garkunan iyayen kifin a teku. Kafin ƙarshen shekarun an hana kama shi a ruwan tarayya na Tekun Meksiko, jihar ma ta hana kama shi don sayarwa. Jan kifi yakan yi 'yan shekarunsa na farko a fadama, sa'annan ya fita teku ya shiga cikin masu haihuwa, inda yakan rayu shekara talatin ko fiye. Babban da aka saki yau shi ne uban waɗanda za a kama nan da shekara uku.

Ruwa mai tafiya

Wanda ya saba da kogi ya san ruwa da tafiya ta fuska ɗaya. A nan ruwa shiga yake yi ya fita, kuma a gaɓar Luwiziyana galibi sau ɗaya teku yake cikowa ya janye a yini, bambancin da ke tsakani bai cika wuce santimita 30 zuwa 50 ba. Wannan ɗan bambanci shi ne komai a fadamar da zurfinta bai kai gwiwa ba. Idan ruwa ya ciko, jatan lande da ƙaguwa da 'yan kifaye sukan kutsa cikin ciyawa su ɓuya, jan kifi ya bi su. Idan ya fara janyewa, dole duk su fito ta ƙananan magudanan da suke haɗa kududdufai da ƙoramu, manyan kifaye kuma su tsaya a bakin magudanar suna jiran abinci ya zo musu da kansa. Saboda haka bakin magudana a lokacin janyewar ruwa shi ne wurin da ya kamata sabon shiga ya fara koyo. Ya tsayar da jirgi nesa kaɗan, a gefe, ba a tsakiyar hanyar ruwan ba, ya jefa ƙugiya can sama cikin magudanar, ya bar ruwa ya gangaro da ita kamar yadda yake gangaro da abincin gaske.

Jadawalin cikowa da janyewa yana nan a waya, yana kuma da amfani, amma a wannan gaɓa iska ta fi shi iko. Iskar arewa mai ƙarfi, wadda take biyo bayan guguwar sanyi daga watan Nuwamba zuwa Maris, takan tura ruwa waje har kududdufai su koma filin laka, ko da jadawali ya ce lokacin cikowa ne. Iskar kudu da ta gabas kuwa turo ruwa suke yi ciki, wani lokaci har ya haye kan ciyawa, kifi ya watsu ya yi wuyar samu. Abin da ba a so shi ne ruwa ya tsaya cik. A irin wannan sa'a kifi yana nan amma ba ya ci, kuma gara mutum ya yi amfani da lokacin ya zagaya ya ga wurare fiye da ya tsaya yana sauya abincin ƙugiya yana zargin kayansa.

Bayan tafiyar ruwa sai launinsa. Turawut da ido yake farauta, yana kuma guje wa ruwan da ya yi kama da kunu. Ruwan da ake nema shi ne mai ɗan kore-kore, wanda idan an sa ƙugiya a ciki za a iya ganinta har zurfin kamu ɗaya ko fiye. A ranar iska a nemi gaɓar da ciyawa ta kare, ko kududdufin da ciyawar ƙarƙashin ruwa ta tace shi. Jan kifi ya fi haƙuri da dauɗa domin yana aiki da hanci, ya kuma fi jure ƙarancin gishiri. Wannan yana da muhimmanci a shekarun da Misisifi ya cika. A 2019 an buɗe madatsar Bonnet Carré har sau biyu don rage wa kogin ruwa, tafkin Pontchartrain ya cika da ruwan daɗi mai laka, turawut kuma ya ƙaura zuwa wajen teku. Wanda ya nace wa wurin da ya saba a irin wannan shekara rana kawai zai sha.

Abu na uku shi ne alamar abinci. Jatan lande da ya yi tsalle a kan ruwa yana gudun wani abu ne a ƙarƙashinsa. Tsuntsayen teku da suka taru suna shawagi suna faɗawa ruwa suna nuna garken turawut da ya koro jatan lande sama. A kashe inji tun daga nesa, a bar iska ta kai jirgi wurinsu, domin ƙarar inji tana tarwatsa garken nan take, ta kuma ɓata wa sauran masu fatsa rai. Akwai kuma wata alama da ido bai cika kamawa ba sai an koya: ɗan tabon maiƙo mai sheƙi, faɗinsa kamar faifai, da yake ɓullowa a kan ruwa yana ƙanshin kankana. Maiƙon abincin da kifi yake ci ne ya taso. Ƙaramin tabo sabo ne, kifin yana kusa. Wanda ya yi faɗi ya daɗe, iska ta riga ta ɗauke shi daga inda ya fito, sai a jefa ta wajen da iskar take fitowa.

Turawut yana bin shekara. Daga Afrilu zuwa Satumba lokacin haihuwarsa ne, yana buƙatar gishiri sosai, don haka yakan fita manyan tafkuna da tsibiran bakin teku kamar Grand Isle da Chandeleur, ya taru a kan tudun kawa da gindin rijiyoyin mai. Daga Oktoba yakan shigo ciki yana bin farin jatan lande da ke fitowa daga fadama, kuma waɗannan makonni na kaka su ne mafi alheri ga mai ƙaramin jirgi. Idan sanyi ya kama sai ya gangara ramuka masu zurfi da kwanar ƙoramu da tsofaffin hanyoyin ruwa da kamfanonin mai suka haƙa, ya lafe a ƙasa. A Pontchartrain, wanda matsakaicin zurfinsa bai wuce kimanin mita huɗu ba duk da girmansa, ginshiƙan gadoji su ne matattararsa. Jan kifi matashi kuwa yana cikin fadama duk shekara.

Kaya da yadda ake aiki da su

Sanda ɗaya ta isa ga kifayen biyu: mai tsawon kimanin mita biyu, mai matsakaicin ƙarfi, bakinta da laushi, tare da injin naɗe zare mai lamba 2500 ko 3000. A ɗaura zaren saƙa mai ƙarfin fam 15 zuwa 20, a ƙarshensa a haɗa kamar rabin mita na zaren roba marar launi mai ƙarfin fam 20, domin ba ya bayyana a ruwa, yana kuma jure kaifin ɓawon kawa. Tabarau mai kashe ƙyallin ruwa ba ado ba ne, da shi ake ganin kifi. Duk ranar da aka dawo a wanke sanda da inji da ruwan daɗi, in ba haka ba gishiri zai cinye su cikin wata guda.

Hanyar da ta fi kowace kama kifi a wannan gaɓa ita ce ta 'yar gora mai ƙara. Wata 'yar roba ce mai iyo, bakinta kwarmi, an zura ta a waya tare da duwatsun ado. Ana ɗaura zare mai tsawon rabin mita zuwa mita ɗaya a ƙarƙashinta, gwargwadon zurfin wurin, sai ƙugiya da jatan lande mai rai. A soke shi a ƙarƙashin ƙahon kansa, a kauce wa baƙin ɗigon da ke ciki domin ƙwaƙwalwarsa ce, in an taɓa ta ya mutu. Bayan an jefa, a naɗe zaren da ya saki, a fizgi sanda da wuyan hannu sau ɗaya ko biyu har gorar ta yi ƙara kamar kifi ya kai cafka, sa'annan a dakata daƙiƙa biyar zuwa goma. Ƙarar tana kiran kifi, amma a lokacin dakatawar yake ci, sa'ad da jatan landen yake saukowa a hankali. Kuskuren yawancin sababbi shi ne gaggawa: suna ta fizga ba hutu, kifi ya zo bai sami damar kamawa ba. Idan gora ta nutse, a ɗaga sanda da ƙarfi daidai, ba da dukan ƙarfin kafaɗa ba.

A ganina ya kamata mutum ya koyi aiki da kifin roba tun da wuri, ko da yake mai rai ya fi saurin kamu a lokacin zafi. Jatan lande yana da tsada, yana mutuwa in ruwan bokiti ya yi ɗumi, kuma kowane ƙaramin kifi yana sace shi. Kifin roba mai tsawon yatsa, a kan ƙugiya mai kan dalma na giram 7 zuwa 10, yana aiki a ƙarƙashin gora, yana kuma aiki shi kaɗai. A lokacin sanyi a jefa shi cikin rami, a jira ya taɓa ƙasa, a ɗaga shi kaɗan, a bar shi ya sake sauka da zare a miƙe. Cizon turawut na sanyi ba ya wuce ɗan taɓi kamar an ƙwanƙwasa sanda da farce, ko kuma mutum ya ji zare ya yi nauyi ba dalili, kuma duk wanda ya bar zare ya saki ba zai ji shi ba. Game da launi, ƙa'ida ɗaya ta wadatar: mai haske a ruwa mai tsabta, mai duhu ko mai wutsiya rawaya a ruwa mai laka.

Farautar jan kifi da ido a cikin kududdufi wani aiki ne daban, kuma shi ne mafi daɗi a duk wannan sana'a. Ana shiga da ƙaramin jirgi marar zurfi ko kwalekwale, ana tura shi da gora ko ƙaramin injin batir, rana a bayan mutum. Ana neman wutsiya da ta leƙo sama sa'ad da kifin ya kifa kai yana tonon ƙaguwa, ko 'yar igiyar ruwa mai kama da bakin kibiya tana bin gefen ciyawa, ko gajimaren laka inda ya tashi. Makamin da aka sani a nan shi ne cokali mai ruwan zinariya, mai 'yar waya da take hana ƙugiya kama ciyawa. Ba a jefa shi a kan kifi. A jefa shi gaba da kifin da kamar mita ɗaya, ya kuma wuce shi, sa'annan a jawo shi a hankali ya gitta ta gaban hancinsa, domin a duniyarsa abinci gudu yake yi, ba ya taɓa nufo shi. Shiru wajibi ne. Murfin akwatin ƙanƙara da aka saki ya buga, ko takalmi da ya daki ƙasan jirgi, ya isa ya kori duk kifin da ke kududdufin.

Yadda ake ja ma ya bambanta. Fatar bakin turawut ba ta da kauri, yakan kuma taso sama ya girgiza kai da baki a buɗe, ƙugiya ta yage ta fita. A sassauta birkin injin naɗe zare, a sunkuyar da sanda gefe, a riƙa naɗewa ba tsayawa, a kuma ɗauke shi da koma maimakon a ɗago shi da zare. Jan kifi ba ya tsalle, ƙasa yake yi ya ja kamar ɗan maraƙi, kuma abin tsoro shi ne ya kai zare cikin kawa ko gindin kara. A bar shi ya yi gudunsa na farko, sa'annan a juya kansa da matsin sanda ta gefe. Wanda za a saki a taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu, a tallafe cikinsa, kada a rataye shi ta baki ko a sa yatsa cikin kafar numfashinsa da ke gefen kai, a riƙe shi cikin ruwa har ya buga wutsiya ya tafi da kansa. Idan da abinci mai rai ake kama manya, ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe ta fi, domin a gefen baki take kamawa, ba a cikin ciki ba.

Fadamar tana da haɗarinta. Ko'ina kama yake da ko'ina, kuma taswira tana tsufa da sauri, domin Luwiziyana ta yi asarar ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 5,000 tun daga shekarun 1930, guguwar Katrina ta 2005 da Ida ta 2021 kuma sun shafe tsibirai sun buɗe sababbin hanyoyi. A riƙe na'urar nuna hanya, a sa rigar iyo, a gaya wa wani inda aka nufa da lokacin dawowa. Wanda ya shiga kududdufi ruwa na janyewa ya lura da zurfi, kada ya kwana a kan laka. Da yawa daga cikin hanyoyin ruwan mallakar mutane ne a dokar jihar, in an ga allon hani a juya. Hadarin rani yana haɗuwa cikin minti kaɗan, kuma mai riƙe da sanda a fili shi ne abu mafi tsawo da tsawa za ta samu. Akwai wani kifi mai gashin baki da yake yawan cin jatan lande, ƙayarsa kamar ta ƙurungu ce amma da dafi, a cire shi da filaya. Mafi muni shi ne ƙwayar cutar Vibrio da take yawaita a ruwan gishiri mai ɗumi: mai buɗaɗɗen rauni kada ya shiga ruwan, musamman mai ciwon hanta ko ciwon sukari, kuma raunin da ya kumbura ya yi ja bayan fatsa na asibiti ne a daren nan, ba sai gobe ba.

Kifin da za a ci a sa shi cikin ƙanƙara da ɗan ruwa tun yana motsi, musamman turawut, wanda namansa yake saurin laushi. Doka ta ce a kawo shi tudu da kansa da wutsiyarsa domin jami'ai su iya aunawa, saboda haka ba a feɗe shi a cikin jirgi. Wani lokaci akan ga fararen tsutsotsi kamar taliya a naman turawut. Ba sa cutar da mutum, a zare su da bakin wuƙa. Turawut ya fi daɗi a soya shi ranar da aka kama, bayan an birkiɗa shi a garin masara da yaji. Jan kifi kuwa a yanke gefensa a bar fata da ɓawo a jiki, a shafa man shanu da tafarnuwa da lemun tsami, a ɗora shi a kan garwashi ɓawon yana ƙasa, ba tare da an juya ba. Ɓawon yakan ƙone ya zama kamar kasko, naman ya dahu a cikinsa cikin kimanin minti ashirin, a ɗebe shi da cokali.